Christiaan Barnard, likitan da ya fara dashen zuciya

An haifi Christiaan Barnard, farfesan tiyata a Jami'ar Cape Town, a Afirka ta Kudu a 1922.

A Disamban 1967 ne ya dasa wa Louis Washkansky zuciyar wata matashiya da mota ta kaɗe, karo na farko a duniya. Bayan kwana 18 ciwon huhu ya kashe majinyacin.

Dashe na biyu ya fi tayar da ƙura. Ana tsaka da mulkin wariyar launin fata, ya sanya wa wani Bature zuciyar mutumin da ba farar fata ba, kuma Baturen ya rayu wata 19 da ita.

Ciwon gaɓoɓi ya raba Barnard da tiyata a 1983. Ya mutu a tsibirin Cyprus a 2001.