Alfred Büchi, mutumin da ya jira shekara 20

Ranar da na fara kwance turbo a wokshop, na nemi sanin wanda ya ƙirƙiro shi. Ashe Alfred Büchi ne, ɗan Suwizalan, an haife shi a 1879, shi ma poli ya yi, ta birnin Zurik. A 1905 ya yi rajistar dabararsa: hayaƙin inji ya juya fanka, fankar ta cusa iska cikin inji. To, iska in an matse ta zafi take ɗauka, shi ya sa a motocin yau intakula ke sanyaya ta, ta shiga da yawa, mai ya ƙone sosai. Sai a 1925 dabarar ta yi aiki, a jiragen ruwa. Ya rasu a 1959. Ɗan'uwa, in furojek ɗinka ya ƙi tashi, kar ka jefar.