Marigayi Sam Garba Okoye, Gwanin Ƙwallon Jos

Samarin yau, ko a ɗakunan kwanan ɗalibai na Kongo ko a majalisun Tudun Wada, sun fi sanin 'yan wasan Turai, domin kullum hotunansu suna yawo a intanet. Amma tun zamanin da rediyo da jarida da bakin mutane ne ke kai labari, an yi wani ɗan ƙwallo a Jos wanda sunansa ya game Nijeriya baki ɗaya. Shi ne marigayi Samuel Garba Okoye, wanda jama'a suka fi sani da Sam Garba.

A Jos ya tashi, garin haƙar kuza, inda kabilu suka cakuɗu har ba a mamakin jin sunan Hausa da na Ibo a kan mutum guda. Tauraronsa ya fara haskawa cikin ƙungiyar 'yan makarantun sakandare ta ƙasa, tare da 'yan garinsu Isma'ila Mabo da Peter Anieke da Tony Igwe, wadda ta bi takwararta ta Gana har gida ta doke ta a 1966. Bayan shekara biyu, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka tafi da shi wasannin Olamfik na Maksiko. Nijeriya ta sha kashi a hannun Jafan da ci 3 da 1, kuma shi ne ya ci wannan ɗayar.

Sai dai ba don wannan aka fi tunawa da shi ba. A 1972 ƙungiyarsa ta Mighty Jets, wadda Alhaji Isiyaku Ibrahim ya ɗauki nauyinta, ta lashe gasar lig ta ƙasa a shekarar da aka fara ta. A shekarar kuma ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, kofin da 'yan Jos suka sha zuwa gab da shi tun 1951 yana kuɓuce musu. An kara a Ikko da Bendel Insurance ta Binin. Bendel tana gaba da ci biyu da nema, lokaci ya kusa cika, har masu saurare a Arewa sun fara fid da rai, sai Sam Garba ya zura ƙwallo, kafin a farga ya ƙara wata. Aka tashi kunnen doki cikin hayaniya da gardama kan hukuncin alƙalin wasa. Da aka sake wasan a Badun, Bendel ta yi nasara da ci 3 da 2. Abin lura shi ne, ko a yau idan dattawa suka ɗauko hirar wannan karawa, sunan wanda ya rasa kofin ne ke fara zuwa bakinsu.

A 1974 Mighty Jets ta sake kaiwa wasan ƙarshe, Rangers ta Inugu ta hana ta. Sam Garba ya rasu a hatsarin mota a 1978, yana da kimanin shekara 30 a duniya. Kofin Ƙalubale kuwa bai shiga Jos ba sai a 1999, lokacin da Plateau United ta ci shi, shekara 21 bayan rasuwarsa.