Mary Adelaide Nutting

Mary Adelaide Nutting (1 ga Nuwamba, 1858 zuwa 3 ga Oktoba, 1948) ma'aikaciyar jinya ce kuma malama 'yar asalin ƙasar Kanada, wadda ta yi kusan dukkan aikinta a Amurka. A shekarar 1907 ta zama nas ta farko a duniya da aka ba muƙamin farfesa a jami'a. An fi saninta da fafutukar fitar da karatun jinya daga hannun asibitoci, inda ake ɗaukar ɗalibai tamkar 'yan ƙwadago masu arha, zuwa jami'a inda za su yi karatu irin na sauran ɗalibai.

Rayuwar farko

An haife ta a ƙauyen Frost Village da ke lardin Quebec na yanzu, ta kuma girma a garin Waterloo da ke kusa da shi. Iyayenta ba masu hali ba ne, amma sun ba ilimin 'ya'yansu muhimmanci. Ta karanci kiɗa da zane, daga baya ta koyar da kiɗa a wata makarantar 'yan mata a St. John's ta Newfoundland, inda 'yar'uwarta Armine take shugabar makarantar. Ta yi jinyar mahaifiyarta har zuwa rasuwarta a 1884, kuma masu rubuta tarihinta sukan danganta sha'awarta ga aikin jinya da wannan lokaci.

Shekarun Johns Hopkins

A 1889 asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore ya buɗe makarantar horar da nas-nas a ƙarƙashin Isabel Hampton, ita ma 'yar Kanada. Nutting tana cikin rukunin farko na ɗaliban, a lokacin tana da kusan shekara 31. Ta kammala a 1891, ta ci gaba da aiki a asibitin, kuma da Hampton ta ajiye aiki don yin aure a 1894, sai aka naɗa Nutting shugabar nas-nas da makarantar.

A wancan zamani kusan kowace makarantar jinya a Amurka mallakar wani asibiti ce. Asibiti yakan buɗe makaranta ne domin ya samu masu yi masa aiki ba tare da biyan cikakken albashi ba. Ɗaliba tana shiga yau, gobe an tura ta ɗakin marasa lafiya, ta yi awa goma sha biyu ko fiye tana shara da wanki da ɗaukar marasa lafiya. Darasi kuwa sai da yamma, bayan gajiya ta gama da ita, wani lokacin ma a soke shi idan aiki ya yi yawa. Wasu asibitocin har tura ɗalibai suke yi gidajen masu kuɗi su yi jinya, kuɗin ya shiga asusun asibiti. Ɗan alawus ɗin da ake ba ɗaliba shi ne hujjar ɗaukarta a matsayin ma'aikaciya.

Nutting ta fara da wannan alawus ɗin. Ta sa an soke shi, aka maye gurbinsa da tallafin karatu ga ɗalibai masu buƙata, domin a ganinta muddin asibiti yana biyan ɗaliba, to yana da bakin cewa aikinsa ne a gaba da karatunta. Ta ƙara tsawon horon daga shekara biyu zuwa uku, ta kuma rage aikin ɗalibai zuwa awa takwas a rana. Ƙarin shekarar shi kaɗai ba gyara ba ne, don asibitoci da yawa sun kwaikwaye shi ne kawai domin su samu ƙarin shekara guda ta aikin arha. Rage awoyin ne ya ba shi ma'ana. A 1901 ta ƙirƙiro kwas na share fage na wata shida, wanda ɗaliba za ta koyi tsarin jikin ɗan Adam da yadda yake aiki, da magunguna, da tsafta, da abincin marasa lafiya, kafin a ɗora mata nauyin majinyaci.

A shekarun nan kuma ta taimaka wajen kafa mujallar American Journal of Nursing a 1900. Ita ce shugabar farko ta ƙungiyar nas-nas ta jihar Maryland, kuma tana cikin waɗanda suka tsara dokar rajistar nas-nas ta jihar ta 1904. Ita aka fara yi wa rajista a ƙarƙashin dokar.

Kwalejin Malamai ta Jami'ar Columbia

Tun 1899 Kwalejin Malamai ta Jami'ar Columbia da ke New York take da wani ƙaramin kwas na tafiyar da asibiti ga nas-nas da suka riga suka kammala horo, wanda Isabel Hampton Robb da abokan aikinta suka yi ƙoƙarin ganin an buɗe. Nutting takan je ta koyar a can jefi-jefi. A 1907 ta bar Baltimore ta koma kwalejin gaba ɗaya a matsayin farfesa. Muƙamin nata na farko bai ɗauki sunan jinya ba, yana ƙarƙashin fannin tafiyar da gidaje da cibiyoyi ne. Sai a 1910, bayan wata attajira mai suna Helen Hartley Jenkins ta ba da kyautar kuɗi mai tsoka, aka kafa Sashen Jinya da Lafiya, Nutting ta zama shugabarsa.

Sashen ba ya ɗaukar sababbin ɗalibai ya koya musu jinya daga tushe. Nas-nas masu takardar shaida ne suke zuwa su koyi koyarwa, da shugabanci, da kula da lafiyar jama'a. Tasirinsa ya biyo ta hannun waɗannan ɗalibai ne, domin da yawansu sun koma sun shugabanci makarantun jinya a Amurka da Kanada da wasu ƙasashe. A 1912 ta rubuta wa hukumar ilimi ta Amurka rahoto kan halin da karatun jinya yake ciki, sannan kwamitin da take jagoranta ya fitar da manhajar bai ɗaya ta makarantun jinya a 1917.

Yaƙin Duniya na Ɗaya da rahoton Goldmark

Da Amurka ta shiga yaƙi a 1917, an naɗa Nutting shugabar kwamitin jinya na majalisar tsaron ƙasa. Ƙarancin nas-nas ya sa wasu suka nemi a cike gurbin da mataimaka masu gajeren horo. Ita da abokan aikinta sun ƙi, saboda tsoron kada a rushe matsayin da aka sha wahala kafin a kai gare shi. Ɗaya daga cikin hanyoyin da suka goyi baya ita ce sansanin horo na Kwalejin Vassar a 1918, inda mata fiye da 400 masu digiri suka yi kwas na wata uku kafin su wuce asibitoci su ƙarasa horo.

Bayan yaƙin ta zama mamba a kwamitin da Gidauniyar Rockefeller ta ɗauki nauyinsa don binciken karatun jinya. Rahotonsa na 1923, wanda aka fi sani da sunan Josephine Goldmark da ta gudanar da binciken, ya nemi a ba makarantun jinya kuɗinsu na kansu, a kuma ƙarfafa makarantu a cikin jami'o'i. Jami'ar Minnesota ta riga ta buɗe tata tun 1909. A shekarar da rahoton ya fito, Jami'ar Yale ta buɗe makarantar jinya mai cin gashin kanta da tallafin Rockefeller, a ƙarƙashin Annie Goodrich, wadda ta yi aiki da Nutting a Columbia. Duk da haka asibitoci ba su saki makarantunsu da sauri ba. Har Nutting ta rasu, yawancin nas-nas na Amurka a makarantun asibiti suke samun horo.

Rubuce-rubuce

Tare da Lavinia Dock ta wallafa A History of Nursing mai juzu'i huɗu. Biyu na farko sun fito a 1907, sauran biyun a 1912, kuma Dock ce ta yi mafi yawan aikin na ƙarshen. A 1926 ta tattara jawabanta da maƙalunta a littafin A Sound Economic Basis for Schools of Nursing, wanda ya tsaya a kan batun da ta fi daɗewa tana maimaitawa, wato makarantar da ba ta da kuɗin kanta dole ta rayu da gumin ɗalibanta. Ta kuma tara tsofaffin littattafai da takardu kan tarihin jinya, ciki har da na Florence Nightingale.

Ritaya da rasuwa

Ta yi ritaya a 1925, Isabel Stewart ta gaje ta. Jami'ar Yale ta ba ta digirin girmamawa a 1922, a 1934 kuma aka naɗa ta shugabar girmamawa ta Gidauniyar Florence Nightingale ta ƙasa da ƙasa. A 1944 ƙungiyar malaman jinya ta Amurka ta ƙirƙiro lambar yabo da sunanta, ita aka fara ba wa. Ba ta taɓa yin aure ba. Ta rasu a White Plains, jihar New York, ranar 3 ga Oktoba, 1948, tana da shekara 89.