André Siegfried, malamin da ya auna ƙuri'a da ƙasar noma

An haifi André Siegfried a birnin Le Havre na Faransa cikin shekara ta 1875. Mahaifinsa, Jules Siegfried, ya riƙe magajin garin kuma ya yi ministan ciniki, don haka yaron ya tashi gidan siyasa. Tsakanin 1902 da 1910 sau huɗu yana neman kujerar dipite, sau huɗu yana faɗuwa. Daga nan sai ya bar neman ƙuri'a ya koma binciken dalilinta. A 1911 ya fara koyarwa a makarantar ilimin siyasa ta Paris.

A 1913 ya fitar da babban littafinsa, Tableau politique de la France de l'Ouest, bisa jahohi 14 na yammacin ƙasar. Ya tattara sakamakon zaɓuɓɓukan wajen shekara 40, kanto bayan kanto, ya zuba su bisa taswira, sa'an nan ya gwada su da taswirar gonaki, da ta zaman mutane, da ta makarantun coci.

Abin da ya gani a jahar Vendée shi ya fi shahara. A arewacinta dutsen garanit ba ya barin ruwa ya nutse. Ko'ina akwai ruwa, gidaje suna warwatse cikin gonakin manyan masu ƙasa. Manomin haya yana jin maganar mai gona da ta limamin coci, sai ya zaɓi masu riƙon tsohon tsari. A kudu kuwa dutsen farar ƙasa yana shanye ruwa, rijiya sai da zurfi, mutane suka taru ƙauyuka kewaye da ita, da yawansu da ƴar gonarsu. Waɗannan ƴan jamhuriya suke zaɓe. Masu gaggawa sun taƙaita zancen, wai dutse ne ke jefa ƙuri'a, alhali shi mallakar gona da addini ya fi ba nauyi. A lura kuma ƙuri'un maza kaɗai ya ƙidaya, don matan Faransa ba su sami izinin zaɓe ba sai 1944.

Littafin bai yi kasuwa ba da farko. Sai bayan yaƙin duniya na biyu almajirinsa François Goguel da wasu suka ɗora a kansa. Shi kuwa ya sami kujera a Collège de France a 1933, ya shiga Académie française a 1944. Rubuce-rubucensa bisa halayen al'ummu ba su kai wancan aiki ba: ya bar ƙidaya ya bi zato, har an zarge shi da wariyar launin fata da ƙyamar Yahudawa. Ya rasu a Paris cikin watan Maris na 1959.