Pierre Fauchard, Likitan Da Ya Ƙi Ɓoye Sirrin Sana'a

A Faransa ta ƙarni na 18, masu cire haƙori kan ɓoye iliminsu don kada a ƙwace musu kasuwa. Pierre Fauchard ya saɓa wa wannan al'ada. Ya koyi tiyata a rundunar sojan ruwa, inda ya ga yadda cuta ke cinye dasashin ma'aikatan jirgi. A 1728 ya wallafa littafi mai juzu'i biyu, ya bayyana dabarun cike kogon haƙori, da kankare dattin da ke kumbura dasashi, da miƙar da karkatattun haƙora. Ya ƙaryata camfin tsutsar haƙori, ya ɗora laifin kan sukari. Ya rasu a Paris a 1761. Har yau ana kiransa uban likitancin haƙori na zamani.