Alhaji Aƙilu Aliyu, Gwanin Zaɓen Kalma

An haifi marigayi Alhaji Aƙilu Aliyu a garin Jega, cikin Jihar Kabi ta yanzu, a shekarar 1918. Can ya fara karatun allo, sa'an nan ya taho Kano tun yana saurayi don neman ƙarin ilmi. Daga Kano ya wuce Barno, ya zauna Maiduguri shekaru masu yawa yana karantarwa, kana ya komo Kano, inda ya ƙare sauran kwanakinsa. Watau shi ma ya ɗanɗani zaman baƙunci, ya kuwa ji Hausar Yamma da ta Kano da ta mazauna Barno, duk ya tara ya adana.

Zamanin siyasar farko ya bi jam'iyyar NEPU, ya yi mata waƙoƙi. Daga baya ya shugabanci ƙungiyar marubuta waƙa ta Hausa Fasaha, gidajen rediyon Arewa kuma suka yi ta sa muryarsa.

Abin da ya ɗaukaka Malam Aƙilu shi ne zaɓen kalmomi. Ba ya ɗaukar kalma don kurum ta cika masa amsa-amo, sai ya auna ta kamar yadda ɗan koli ke auna hajarsa. Ko sunayen waƙoƙinsa sun isa shaida. A "Hausa Mai Ban Haushi" ya gwama kalmomi biyu masu kama da juna a kunne, ya zargi masu sakaci da harshensu. A "'Yar Gagara" kuwa ya laƙaba wa karuwa sunan da ya bayyana halinta tun kafin a shiga baitin farko.

Wannan gwaninta ce ta ja hankalin Malam Ɗalhatu Muhammad na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. A 1973 ya buga jerin kalmomin nazarin adabin Hausa cikin mujallar Harsunan Nijeriya. A 1977 ya gama digirinsa na dakta a Jami'ar Landan a kan fasahar Aƙilu, a shekarar nan kuma kamfanin NNPC na Zariya ya buga littafin Fasaha Aƙiliya.

Irin waɗannan kalmomi ne ɗalibai ke amfani da su wajen feɗe waƙa. In mawaƙi ya ce jarumi kamar zaki yake, ya yi kamantawa ke nan. In ya yar da "kamar" ya ce jarumin zaki ne, to, ya yi siffantawa. In kuwa ya ba yunwa ƙafafu ta shiga gida ta kori maigida, wannan mutuntarwa ce. Dukansu adon harshe ake ce musu, kuma waƙoƙin Aƙilu cike suke da su, shi ya sa malamai ke ɗebo misalai daga gare shi.

Allah ya yi masa rasuwa a Kano ran 19 ga watan Oktoba, 1999. Magidancin da ke zaune Sabon Ibadan ko Agege, wanda 'ya'yansa suka fara cuɗa Hausa da Yarabanci da Turanci, in ya sami Fasaha Aƙiliya ya riƙa karanta musu da dare, ba zai yi hasara ba.

Allah ya jiƙan Malam Aƙilu, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.