Charles Parnell: Ɗan siyasar da jaridun Landan suka sa wa ido, suka kau da kai daga wasu

A shekarun 1880, babu ɗan siyasar da ya hana gwamnatin Birtaniya barci kamar Charles Stewart Parnell, jagoran 'yan ƙasar Ailan masu neman mulkin kai.

An haife shi a 1846 a gundumar Wicklow, cikin gidan masu gonaki. Duk da haka ya tsaya wa talakawa manoma da masu filaye ke tatsa da kuɗin haya. Ya shiga majalisar dokokin Birtaniya a 1875, aka ɗaure shi a kurkukun Kilmainham a 1881.

A zaɓen 1885 jam'iyyarsa ta samu kujeru 86, abin da ya sa firaminista William Gladstone ya gabatar da ƙudurin bai wa Ailan mulkin kai a 1886, sai dai majalisa ta yi watsi da shi.

A Afrilun 1887 jaridar The Times, wadda ke adawa da wannan buri, ta wallafa wata wasiƙa da ta ce Parnell ne ya sa mata hannu. Wasiƙar ta nuna kamar yana ba da uzuri ga kisan da aka yi wa manyan jami'an gwamnati biyu a Dublin a 1882.

Kwamitin alƙalai ya binciki lamarin. A Fabrairun 1889 asirin wani ɗan jarida mai suna Richard Pigott ya tonu: shi ya ƙirƙiri wasiƙun, kuma kuskuren rubuta wata kalma na cikin abin da ya fallasa shi. Ya gudu Madrid ya kashe kansa, jaridar kuma ta biya Parnell diyyar fam 5,000.

Bai daɗe yana murna ba. A Disambar 1889 Kyaftin William O'Shea, wanda ya taɓa zama ɗan majalisa a jam'iyyarsa, ya nemi kotu ta raba aurensa da Katharine, yana zargin ta da Parnell.

Zargin gaskiya ne, domin sun kai kusan shekara goma tare, har da 'ya'ya. Amma ba sabon labari ba ne a wurin manya. Mijin ya daɗe ba ya zama da ita, kuma ta sha kai saƙo tsakanin Parnell da Gladstone.

Da aka yi shari'ar a Nuwamban 1890, Parnell bai kare kansa ba. Jaridu suka ɗauki bayanin ɓangare ɗaya suka yi ta yayatawa da ba'a, suna kiran ya sauka saboda tarbiyya.

A daidai lokacin, Lord Hartington, jigo a cikin masu adawa da mulkin kan Ailan, ya shafe shekaru yana soyayya da matar basaraken Manchester. Manyan Landan sun sani, amma ba a taso shi a gaba ba, domin maganar ba ta je kotu ba. Ya aure ta a 1892 bayan rasuwar mijinta, da mutuncinsa.

Shi kuwa Parnell, Gladstone ya juya masa baya, limaman Katolika suka yi tir da shi, kuma a Disambar 1890 mafi yawan 'yan majalisarsa suka rabu da shi.

Ya auri Katharine a Yunin 1891, ya ci gaba da yawon gangami duk da rashin lafiya. Ya rasu ranar 6 ga Oktoba, 1891, yana da shekara 45. Dubban mutane suka raka gawarsa maƙabartar Glasnevin a Dublin.

Jam'iyyar ba ta sake haɗuwa ba sai a 1900. Laifin Parnell ba boyayye ba ne, amma tarihinsa na nuna cewa idan jarida ta zaɓi wanda za ta yi wa wa'azi, ya kamata mai karatu ya tambayi wanda ta ƙyale, da kuma dalili.